Tabar Wiwi Tsakanin Kanti da Gidan Kaso: Ina Musulmi Zai Tsaya?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya kuma sanya hankalin nan ya zama sharaɗin ɗora masa umarni da hani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu karatu, dalilin wannan rubutu wasu tambayoyi ne guda biyu da aka yi mini cikin mako ɗaya. Ta farko wani saurayi ɗan jami'a ne ya tare ni da ita bayan sallar isha'i, a ƙofar wani masallaci cikin Birni. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga ƙasar Jamus ta yarda wa mutanenta su sha wiwi, ga Kanada ta riga ta, har Maroko ƙasar Musulmi tana nomanta da izinin hukuma. Mu kuwa shekara da shekaru ana kame, ana ƙonewa, masu sha kuma sai ƙaruwa suke yi. Me zai hana a fito da ita fili, a tsara ta, hukuma ta karɓi haraji?" Ta biyu kuma wani dattijo maƙwabcina ne ya zo da ita, idanunsa cike da ƙwalla. An kama ɗansa da ɗan ƙullin wiwi, ya yi watanni a tsare, ya fito ya fi yadda ya shiga lalacewa. Dattijon ya ce, "Malam, shin wannan shi ne gyaran da Musulunci yake nufi?"

Na ga ya dace in haɗa amsar biyun a wuri ɗaya, domin alal haƙiƙa mas'ala ɗaya ce mai rassa uku, kuma yawan ruɗanin da ake yi daga cakuɗa rassan ne. Na farko, mene ne hukuncin shanta a Shari'a? Na biyu, shin ya dace hukuma ta buɗe mata kasuwa? Na uku, me ya kamata a yi wa wanda ya riga ya faɗa cikinta?

Hukuncinta a wurin malamai

Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kan wannan ciyawa ba, saboda shanta bai yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 bayan hijira. Da ta yaɗu a Misira da Sham da sunan hashisha, sai malamai suka auna ta da ma'aunin da suke da shi. Sun ga cewa illar da ta sa aka haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ita ce gusar da hankali da shagaltarwa ga barin sallah da ambaton Allah. Sun kuma dogara da ruwayar Ummu Salama (RA) da ke cikin Sunan na Abu Dawuda, wadda ta nuna an hana abin da ke bugarwa da abin da ke kashe jiki. Imamuz Zarkashi, wanda ya rasu a shekara ta 794 bayan hijira, littafi guda ya wallafa a kan haramcinta.

Inda suka saɓa shi ne wajen horo. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, yana ganin mai shanta ya cancanci haddin mai shan giya. Amma Imamul Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya rasu a 684, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali zuwa kashi uku a cikin littafinsa Alfuruƙ: mai bugarwa, da mai ɓata hankali, da mai sa barci. Ya sanya hashisha cikin masu ɓata hankali, don haka ya ce babu haddi a kanta, sai dai ta'aziri, wato horon da aka bar wa shugaba ko alƙali ya zaɓa gwargwadon abin da zai kawo gyara. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci da kyau, domin za mu dawo kansa.

Ke nan reshe na farko a warware yake: shan wiwi don nishaɗi haramun ne, kuma babu majalisar da za ta iya ɗaga hannu ta halatta abin da Allah ya haramta. Hankali yana cikin abubuwa biyar da malamai irin su Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi suka ce Shari'a ta zo don ta kare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Ilimin likitanci na yau bai zo da abin da ya rushe wannan ba. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta, wanda ake kira THC, ya fi yin ɓarna ga ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta kammala ginuwa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shanta yakan kasa bari, cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa kusan ɗaya cikin shida. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da Barazil, ya nuna cewa masu shan mai ƙarfin kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali.

Maganar magani kuwa daban take. An tace wani sinadari daga ganyen, wanda ba ya bugarwa, ana ba yara masu wata irin farfaɗiya mai tsanani, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Abin da Maroko ta yi da dokarta mai lamba 13-21 a 2021 daga wannan babi yake: ta ba da izinin noma a larduna uku na arewacinta don magani da masana'antu, shan nishaɗi kuwa yana nan a haramce. Babin lalura sananne ne a fiƙihu, yana da sharuɗɗansa, likita amintacce ne yake buɗe shi. Kada a ɗauki makullin ɗakin magani a buɗe ɗakin shaye-shaye da shi.

Hujjar masu son a halatta

Adalci ya wajabta mu faɗi hujjar saurayin nan da ƙarfinta, domin ba wawa ba ne, kuma cikin maganarsa akwai gaskiya. Hani da ƙarfin doka shi kaɗai bai taɓa kawar da maye ba. Malamin tarihin Misira, Almaƙrizi, ya ba da labarin wani amiri mai suna Sudun wanda a wajen shekara ta 780 bayan hijira ya sa aka tuge gonakin hashisha, aka riƙa cire wa masu shanta haƙora, amma ba a jima ba ta koma ta fi da yaɗuwa. Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, manyan ƴan ta'adda suka yi arziki da ita. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta kafa doka a 1966 wadda ta kai har ga hukuncin kisa ga mai noman wiwi, ta kuma kafa hukumar NDLEA a 1989, duk da haka ƙididdigar da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta samu mutum miliyan 10.6 masu shanta. A nan gida muna da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta shekarar 1999, amma wanda duk ya ratsa wasu fadoji da pale na samarin Damagaram da dare, hancinsa zai ba shi labari.

Saurayin ya ƙara da wata hujja mai nauyi. Ya ce dokar ƙasarmu ba ta hana sayar da giya ba, ana ba da lasisinta, kuma wannan bai sa Musulmi ya ɗauka giya ta halatta ba. To, me ya sa wiwi za ta bambanta?

Bari mu duba yadda waɗanda suka buɗe ƙofar suka tsara abinsu. Ƙasar Urugwai ce ta fara a 2013. Hukuma ce take riƙe da linzami: sai ɗan ƙasa baligi ya yi rajista, ya saya a kantin magani, kada ya wuce giram 40 a wata, ko ya shuka tushe 6 a gidansa, talla kuwa an hana. Kanada ta bi baya a ranar 17 ga Oktoba 2018, da iyakar giram 30 a hannun mutum, da ƙa'idar shekaru, da auna ƙarfin kaya a ɗakin bincike. Jamus ta fara a ranar 1 ga Afirilu 2024, da giram 25 a waje da tushe 3 a gida, ba ta kuma yarda da kantunan sayarwa ba, sai ƙungiyoyin manoma masu rajista. A Kanada kame ya ragu ƙwarai, kuma yawancin masu sha sun koma saye a kantunan da ke da izini. Amma asibitocinta sun ga ƙaruwar ƙananan yara da suka ci alewa ko biskit mai wiwi bisa kuskure. Ƙasar Tailan kuwa ta saki abin a 2022 kafin ta gama shirya dokokinsa, dubban kantuna suka tsiro, har a 2025 ta koma da baya ta ce sai da takardar likita.

Dalilin da ya sa ba ta dace da mu ba

Ya kai mai karatu, lura da abin da kowane tsari cikin waɗannan ya dogara a kansa: katin shaida da ke tabbatar da shekarun mai saye, da ɗakunan bincike, da masu sa ido da ba a saye su da goro, da asibitocin masu taɓin hankali wadatattu. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Yara nawa ne a ƙauyukanmu ba su da takardar haihuwa? Tiramol magani ne da doka ta riga ta tsara, ta ce ba a ba da shi sai da takardar likita, amma mun shekara muna ganinsa a tiren ƴan talla da aljihun ƴan kabu-kabu. Man fetur yana da ƙa'idar sayarwa, amma shekaru da dama ƴan ruwa-ruwa sun jera kwalabensu a bakin titi kowa yana gani. Wanda ya kasa riƙe akuya da igiya, ta yaya zai ce a ba shi kura ya yi kiwo?

Na biyu, kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ƙasashen da suka halatta, ƙasashe ne da manya suka fi yawa. Mu kuwa kasuwar da za a buɗe, a tsakiyar yara za a buɗe ta, su ne kuma ƙwaƙwalwarsu ta fi saurin lalacewa. Ɗan kasuwa, ko da lasisi ko babu, riba yake nema, ribarsa kuma ba daga mai sha sau ɗaya a shekara take fitowa ba, daga wanda ya kasa bari take fitowa. Idan aka ce hukuma ta karɓi haraji, to an ɗaura baitulmali da yawan masu sha ke nan: ranar da samari suka shiryu kuɗin shiga ya ragu. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito game da giya bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita da mai cin kuɗinta. Wace irin makaranta ce za a gina da kuɗin da aka samu daga zubar da hankalin ɗalibanta?

Na uku, mu dubi inda Allah ya ajiye mu. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda aka gina ganuwar Birni a lokacinsa, Damagaram mashiga ce ta ayari tsakanin Kano da Agadas har zuwa Tarabulus, unguwar Zango kuma masaukin fatake. Hanyar ba ta mutu ba, kayan ne suka canza. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na daskararriyar wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai, wadda ta taso daga Labanan, ta shigo ta tashar ruwan Lome, tana nufin Libiya. Nijeriya da Aljeriya da Libiya duk sun haramta ta, kuma lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sassauta matsayinta a Disamba 2020 da ƙuri'a 27 a kan 25, su ukun suna cikin waɗanda suka ƙi. Idan Nijar ta halatta ita kaɗai, garinmu zai zama rumbun da masu fasa-ƙwauri za su riƙa ɗiba da takardar izini a hannu.

Game da misalin giya kuwa, amsarsa ita ce doka malama ce, ko da ba ta hau mumbari ba. Yaro yana koyon abin kunya da abin da ba na kunya ba daga abin da ya ga an bari a fili. Giya ta daɗe da lasisi a ƙasar nan, amma tarbiyyar addini ta kewaye ta da katanga, har mai shanta yakan ɓuya. Wiwi ba ta da irin wannan katanga a zukatan samari da yawa. Wasunsu ma suna cewa ai ganye ne, Allah ya halicce shi. To, zaƙami ma ganye ne. Idan hukuma ta sa mata hatimi, ɗan abin da ya rage na kunya shi ne zai tafi. Kasancewar an bar rami ɗaya a buɗe ba hujja ba ce ta a haƙa na biyu.

Hakkin wanda ya faɗa

Yanzu sai tambayar dattijo, kuma a nan ne nake so mu masu wa'azi mu yi wa kanmu hisabi. Mun saba ɗauka cewa duk wanda ya ƙi halattawa, dole ya goyi bayan a tura kowane mai sha gidan kaso. Wannan ba lazimi ba ne. Mun ga a sama cewa a ra'ayin Ƙarafi horon mai shan wiwi ta'aziri ne, shi kuwa ta'aziri da manufarsa ake auna shi, wato gyara. Idan horo ya zama yana ɗaukar yaro mai ƙulli ɗaya ya zaunar da shi watanni tare da dillalai da ɓarayi, ya fito karatu ya wuce shi, maigidansa ya maye gurbinsa, babu mai ba shi aure, to wannan horo ya saɓa wa dalilin da ya sa aka yi shi.

Imamul Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawo shi saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, sai Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. An hukunta laifin, ba a jefar da mutumin ba. Haka nan haramcin giya a mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Uwar Muminai A'isha (RA) ta bayyana cewa an fara gina imani a zukata ne kafin a zo da hani, da ba haka ba da mutane sun ƙi bari. Hukuncin ya riga ya tabbata, babu komawa baya a kansa, amma hanyar tarbiyya tana nan a matsayin darasi.

Tsakanin kanti da gidan kaso akwai hanya ta uku. Ƙasar Fotugal tun 2001 ta bar miyagun ƙwayoyi a haramce, tana ɗaure dillalai, amma wanda aka kama da ɗan abin shansa ana kai shi gaban wani kwamiti da ke haɗa masanin doka da ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a, su tura shi magani ko su sa masa tara. Kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi, wanda marigayi Kofi Annan ya assasa, Cif Olusegun Obasanjo ya shugabanta, shawara mai kama da wannan ya bayar a rahotonsa na 2014. Ba sai mun kwafi tsarin kowa ba, domin muna da namu kayan aiki: mai unguwa, da liman, da iyaye, da fadar Sarkin Damagaram wadda ta saba da sulhu tun kafin zuwan Nasara.

Don haka shawarata ita ce kamar haka. Noma da safara da sayarwa su ci gaba da zama laifi mai tsanani, a kuma fi matsa wa manyan da ke kawo tan-tan fiye da yaron da ke sayen ƙulli. Wanda aka kama karon farko da abin shansa kaɗai, a miƙa shi ga likita da waliyyinsa da wani malami da zai lamunce masa, tare da sharaɗin komawa makaranta ko koyon sana'a. In ya karya sharaɗi, alƙali ya tsananta. A ƙara yawan likitocin ƙwaƙwalwa da wuraren jinya a jihohi, kada komai ya zama sai Yamai. Maganin da aka tace daga ganyen kuwa a bar shi a hannun likitoci kamar sauran magunguna masu haɗari.

Nauyin da ke kanmu

Daga ƙarshe, kada mu ɗora komai a kan hukuma. Fim ɗin da ƴar garin nan Aisha Maki ta fitar a 2021 game da samarin unguwar Kara-Kara ya nuna wa duniya abin da muka daɗe muna kau da kai daga gare shi: samari masu ƙarfi, ba karatu, ba aiki, ba mai tambayar inda suka kwana. Wiwi ba ita ta kore su daga cikin jama'a ba, a waje ta same su. Mun gina masallatai, alhamdu lillahi, amma sau nawa limami ya taka zuwa wata fada ya zauna ya sha shayi da samarinta ba tare da zagi ba? Attajirai nawa ne suka ɗauki yaron da ya fito daga kaso suka ba shi aiki? Idan yaron nan ya shigo sahu, muna matsa masa wuri ne ko muna janye rigunanmu? Kowane reshe na ƙungiyarmu yana iya ɗaukar nauyin samari biyar ko goma a unguwarsa, ya haɗa su da masu sana'a, tela ko makaniki ko mai walda, ya riƙa bibiyarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya fara bushewa ma akan jiƙa shi, ba a jefa shi wuta.

Ga saurayin da ya tambaye ni, ina cewa: ka yi gaskiya da ka ce kame shi kaɗai bai wadatar ba, amma maganin da ka kawo zai ƙara ciwon. Ga dattijo kuma ina cewa: Baba, abin da aka yi wa ɗanka ba shi ne iyakar abin da Shari'a ta sani ba, kada ka rufe masa ƙofa, mu ma ba za mu rufe masa ta masallaci ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah ya shirya mana zuriya, ya kare hankulanmu, ya yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga abin da ya fi zama alheri ga talakawansu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.